Yadda na bi layin asibiti a kan ƙiba, da abin da aka gano a cimar da nake yi a kasuwa

Tela ne ya fara gaya mini gaskiya. A ƙarshen 2024 na kai masa shadda zai yi mini ɗinkin bikin ƙanwata, ya zagaya tef a cikina, ya leƙa tsohon littafinsa, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Alhaji, tsohon awonka ya tashi aiki, sai an ƙaro yadi." Muka yi dariya. A wajenmu ai wannan ba abin kunya ba ne. In mutum ya ajiye tumbi cewa ake yi hutu ya zo, kasuwa ta yi albarka, uwargida ta iya kiwo. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na lura ina haki in na ɗago daga sujada, gwiwoyina suna ƙara in zan miƙe daga zaman tahiya, ga minsharin da maman yara ta ce har falo ana jinsa. Ita ce ta matsa mini in je asibiti. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, zuwa biyar na yi kafin in samu abin da zuwa biyu ko uku zai ba ni da na san kan hanya.

Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Muda Lawal da ke garin Bauchi, gidana kuma yana unguwar Yelwa. Shekaru da yawa al'adata ita ce in karya a gida, in koma da azahar in ci abin da aka dafa, in dawo kasuwa kafin la'asar. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin kwanaki kaɗan lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na yi lissafi na ga zirga-zirga huɗu a rana ba za ta ɗore ba, sai na daina komawa gida da rana. Daga baya fitar safe ma ta koma ta sammako, don in ajiye yara a makaranta da tafiya ɗaya, karyawa ita ma ta bi ni kasuwa. Babu ranar da na zauna na ce zan koma cin abincin waje. Tsadar mai ce ta yanke mini, ni kuma ina ganin tattali nake yi.

Wata Litinin a farkon Janairun 2025, cikin sanyin hunturu, na isa asibitin gwamnati ƙarfe takwas saura, ina jin na yi sammako, na tarar da mutum fiye da talatin a gabana. Kuskurena na farko tun a hanya na yi shi, domin na tsaya wajen mai shayi na sha kofi ɗaya da biredi da wainar ƙwai, wai kada yunwa ta kama ni a layi. Ina da tsohon kati tun 2022 da na zo kan zazzaɓin cizon sauro, na kuwa ci sa'a na taho da shi. Wanda ba shi da kati sai ya fara zuwa tagar masu buɗe fayil, a rubuta masa takarda, ya je wajen kashiya ya biya, ya dawo da rasit, layi biyu ke nan tun bai ga kowa ba. Ni kuɗin ganin likita kawai na biya, naira 1,000, amma an yi kusan awa guda ana neman fayil ɗina. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu. Ran nan na'urar biyan kuɗi da kati ta ƙi aiki, na ga mutane suna fita bakin ƙofa neman mai POS, su dawo layi ya wuce su.

Kafin likita akwai teburin nas-nas. Aka ce in cire takalmi da hula, in fitar da makullai da wayoyi daga aljihu. Sikeli ya nuna kilo 94, tsawo mita 1.72, awon jini 146 bisa 92. Nas ɗin, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, ta buɗe fayil ta ce, "Baba, a 2022 kilo 82 aka rubuta maka." Ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba, kilo 12 ɗin ko Baban, ni da shekarata 44.

Sai wajen sha ɗaya da rabi na shiga ɗakin likita. Ya ɗauki biro ya yi mini lissafin a gabana, wanda suke kira BMI: a ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Nawa 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, aka raba 94 da shi, ya fito 31.8. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Daga nan ya zagaya tef a ƙuguna kamar dai tela, sai dai shi bai yi dariya ba. Santimita 106. Ya ce namiji in ya wuce 94 haɗari ya soma, in ya wuce 102 ya yi yawa, mace kuma 80 da 88. Kitsen tumbi shi ne wanda ya fi damunsu, saboda ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake zama ba, yana nannaɗe hanji da hanta, yana sa jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin mai shigar da suga inda ya kamata. Ta nan ciwon suga ke shigowa, ga hawan jini da ciwon zuciya a gefe. Ya rubuta gwajin suga, da na kitsen jini, da na ƙoda, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ka ci wani abu yau?" Na ce shayi kawai, da ɗan biredi, da ƙwai. Ya ce to sai gobe. Gwajin sugan da yake so sai mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba, ruwa zalla kaɗai aka yarda da shi, kuma saboda na kitsen ya fi son in kai awa goma zuwa sha biyu. Hawan jinin ma ya ce ba a yanke hukunci da awo ɗaya.

Washegari na koma da cikina wayam. A nan ma akwai tsari: ka fara kai takardar ɗakin gwaji su sa farashi, ka je ka biya, ka dawo da rasit, sannan ka bi layin ɗibar jini. Na yi ta baibai, na fara zuwa wajen kashiya ya mayar da ni. Suga naira 1,500, kitsen jini 8,000, ƙoda 7,000, jimilla 16,500 a lokacin, kuma kowa ya san yadda farashi ke tafiya a ƙasar nan, don haka ku riƙe fiye da haka. An ɗebi jinin wajen tara da rabi, aka ce in dawo gata.

Zuwa na uku na karɓi sakamako na sake bin layin likita. Suga 6.3. Ya ce sai ya kai 7.0 a gwajin da ba a ci abinci ba, aka kuma maimaita ya tabbata, sannan ake kiransa ciwon suga, amma nawa ya bar inda lafiya take, ina tsaye a bakin ƙofa. Kitsen jini ya ɗan hau, ƙoda lafiya, awon jini ya sauko 138 bisa 88. Bai ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce in rage abinci, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata uku. Har na miƙe, sai na ce, "Likita, in rage wanne? Ni fa ban ɗauki kaina mai ci da yawa ba." Wannan tambayar ce ta sa ya rubuta mini takardar zuwa sashen masu ba da shawara kan abinci. Da ban tambaya ba da na tafi gida da jimla biyu, ga layi a bayana ya kai ƙofa, ban ga laifinsa ba.

Neman sashen kansa aiki ne. Na tambayi wani mai shara ina ne wajen masu kula da abinci, ya nuna mini wata rumfa. Ina zuwa na tarar da iyaye mata riƙe da yara masu tamowa suna jiran abincin leda da ake ba su. Na tsaya a wurin da tumbina, kunya ta rufe ni, kuma har yau in na tuna abin yana taɓa ni: gari ɗaya, asibiti ɗaya, wasu rashin ci ya kawo su, ni yawansa. Wata ma'aikaciya ce ta raka ni ainihin ofishin, can bayan ɗakunan kwanciya kusa da madafar asibiti, na tarar an rubuta a ƙofa cewa masu zuwa daga gida Talata da Alhamis da safe ake ganinsu. Ran nan Juma'a ce.

Talata na koma. Wata dattijuwa ce mai fara'a, kowa Hajiya yake ce mata. A bangon ofishinta akwai takarda mai alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, cewa kashi 43 cikin ɗari na manyan mutanen duniya nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kashi 16 kuma suna da ƙiba sosai. Ta ce me na ci jiya, na ce tuwo miyar kuka. Ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, kowa tuwon dare yake tunawa." Ta sa na sayi littafin 'yan makaranta mai ganye ashirin, ta ce kwana bakwai in rubuta duk abin da ya shiga bakina, da lokacin, da wurin, da kuɗinsa, da wanda muka ci tare, har abin sha, har wanda aka ce mini bismilla na sa hannu. Ta ce kada in canja komai a cimata a makon, kuma in zan dawo in taho da mai dafa mini abinci. Zaman bai kai minti goma sha biyar ba.

Littafin nan ya tona mini asiri. Kwana biyun farko na riƙa rage lissafi, masa goma in rubuta shida, sai na ga ai kaina nake cuta. Ga yadda yawancin ranakun suke. Bakwai da rabi shayi mai kauri da biredi, wani lokaci Indomie biyu da ƙwai biyu. Wajen sha ɗaya mai masa ta aiko, ɗan Bauchi kuwa ba ya ganin masa da zafinta ya kau da kai, takwas zuwa goma da miya. Bayan azahar shinkafa da wake da mai da yaji, ko shinkafa da miya da nama, da lemon roba mai sanyi. La'asar mai fura ta wuce, ko mai awara, wani baƙo ya zo a sake buɗe lemo. Bayan magariba majalisa, wani ya sayo tsire ko balangu a buɗe takarda a tsakiya. In na koma gida kuma ga tuwo an rufe mini, wa zai ce wa matarsa ya ƙoshi a waje? Malmala biyu, in kwanta. Da na haɗa kuɗin sai na ga kusan naira 6,000 nake kashewa kullum a kan ci, wato ya ninka kuɗin man da na ce ina tattali.

Zuwa na biyar muka je tare da maman yara, a nan ne aka yi ainihin aikin, kusan awa guda. Hajiya ta ɗauki jan biro tana bin littafin layi-layi. Ta fara da mai. Ta ce da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na mai kalori 9 yake bayarwa, na shinkafa ko masara ko nama marar kitse wajen 4 a kan kowane giram na sitaci ko furotin, don haka ƙaramin cokalin shayi na man gyaɗa kusan kalori 40 ne. Ta ce in tuna yadda ake toya masa, kowane gurbi na tanda sai an ɗiga masa mai kafin a zuba ƙullu. In ma ƙaramin cokali ɗaya kowace masa ta sha, goma sun sha kusan kalori 400, ba a zo kan shinkafar da sukarin da ke cikin ƙullun ba, ba a zo kan man da ke yawo a saman miya ba. Ta koma kan zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wajen ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba mai zaƙi yana da kusan giram 10 a kowane mililita 100, to roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini. Ni biyu nake sha, ga shayin da ban taɓa ƙirga cokalin da ake zuba masa ba, ga madara, ga furar da ake dama mini da sukari. Abin sha kuma, in ji ta, ba ya tare ciki kamar abin taunawa, shi ya sa nake shan lemo in ci abinci kamar ban sha komai ba. Gishiri giram 5 ne iyaka a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, ni kuwa ga ɗanɗanon Indomie, ga dunƙulen miya, ga yajin tsire.

Abin da ya fi zama mini a rai ba lissafin ba ne, wata magana ce da ta yi a kan mai sayarwa. Ta ce mai abinci ba maƙiyiyarka ba ce, sana'a take yi, so take ka ji daɗi ka ƙoshi ka dawo gobe, kuma hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce mai da gishiri da sukari da tulin shinkafa. Ganye ba ya riƙe ciniki, nama kuma tsada. A gida kai ne kake cewa ya isa, a waje ludayinta ne yake aunawa, kai kuma tunda ka biya sai ka ga ƙasan kwano. Sannan cin taro yana ɓatar da lissafi, ba wanda ya san yanka nawa ya ɗauka a takardar balangu. Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2005, an bi matasa kimanin 3,000 tsawon shekara 15, waɗanda ke cin abincin gidajen saida abinci na gaggawa fiye da sau biyu a mako suka fi masu ci ƙasa da sau ɗaya ƙara nauyi da kusan kilo 4.5, jikinsu kuma ya fi bijire wa insulin. Ta ce abincinsu daban da namu, amma mai da zaƙi da babban kwano ba su da ƙabila. Na duba littafina, ni ba sau biyu a mako ba, sau huɗu a rana ne. Ba ta bar maman yara ba ita ma, ta tambaye ta galan ɗin mai kwana nawa yake yi a gida, da ta ji amsa ta ce a nan ma akwai gyara.

Na zaci za ta haramta mini komai, sai ta ce dokar da ba za a iya bi ba ɓata takarda ce. Burin farko shi ne in sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina a wata shida, wato kilo 5 zuwa 9, ƙasa da rabin kilo a mako, domin wannan kaɗai yana taɓa suga da hawan jini. In karya a gida ko da ɗumame ne ko koko marar sukari sosai da dafaffen ƙwai. A zuba mini na rana a fulas. Ranar da dole in saya, in ce a rage shinkafa a ƙara wake da ganye, kada a ƙara mai a sama, rabin kwano ya zama ganye. Masa uku ko huɗu, sau biyu a mako. Ruwa a madadin lemo, kuma kada in ruɗi kaina da zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari wai don na gida ne. Abincin dare ɗaya, in zaɓa, ko majalisa ko gida. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Da ta ji inda shagona yake sai ta riƙe baki, ta ce kankana da gwanda da lemon zaƙi da karas da kabeji da kokwamba da ake saukewa a Muda Lawal kullum, mutanen gari suna hawa keke su zo saye, ni ina zaune a tsakiyarsu babu ko ɗaya a littafina, alhali giram 400 ake so mutum ya ci a rana.

Bin dokar a kasuwa ya fi bin layin asibiti wuya. Ranar da na fara buɗe fulas maƙwabta suka sa ni gaba, wai an kafa mini doka, wai na zama mijin tace. Da fuskata ta ɗan faɗa kuma sai tambaya ta koma, "Alhaji, lafiya kuwa? Ko kasuwa ce?" Wani ya kawo mini shayin rage teɓa a kwali, naira 7,000, na kai wa Hajiya ta duba, ta ce da yawa irinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma mai matsalar jini ko ƙoda bai kamata ya yi wasa da su ba. Na mayar masa. Azumi ya zo a watan Maris ya taimake ni ta wani ɓangare tunda ya mayar da ni cin gida, sai dai ƙosai da soyayyen dankali da kunun gyaɗa na buɗa-baki su ma sai da aka sa musu ido.

Bayan ƙaramar Salla, a watan Afrilu, na koma. Wannan karon na je ban karya ba, da katina da littafina da tsabar kuɗi, ranar Talata, na gama da likita da ɗakin gwaji da Hajiya kafin azahar. Kilo 89.5, ƙugu 101, suga 5.8, awon jini 132 bisa 84. A Yuli na samu 87.5, BMI ya sauko 29.6. Da ya fi haka, naman layya ne ya tsayar da ni kusan wata guda, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ina cikin masu nauyi fiye da ƙa'ida, amma na daina haki a sujada.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara rubuta cimarsa ta mako guda tun kafin ya taka asibiti, da gaskiya, da kuɗin kowane abu. Ya je da sassafe bai ci komai ba tun daren jiya, sai dai in yana shan maganin suga, wannan ya fara tambayar likitansa. Ya nemi tsohon katinsa, domin tsohon nauyin da ke cikin fayil ya fi kowace nasiha shiga jiki. Ya roƙi a auna masa ƙugu, ba sikeli kaɗai ba. Ya buɗe baki ya nemi takardar zuwa sashen abinci, ya tambayi ranakun da suke zama, ya kuma bayyana cewa na manya yake nema. Ya tafi da wadda ke dafa masa, don ita za ta tashi da asuba ta cika fulas, bai kamata ta ji dokar a bakinsa kaɗai ba.

Mai masa ta yi mako biyu tana aiko yarinya ana mayarwa, rannan sai ga ta da kanta a ƙofar shago. Ta ce, "Alhaji, ko na yi laifi ne?" Na ce ko kaɗan, Inna, likita ne ya shiga tsakaninmu, na gaya mata Litinin da Alhamis, huɗu-huɗu, miya ta fi yawan ganye, a tsame man sama. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin masa ta kashe ɗan Bauchi ba. Tana kiyaye ranakun, miyar ma tana yi yadda na ce, amma har yau in na buɗe kwanon biyar nake gani, ta ce ta biyar gyara ce. Yaron shagona ne yake cin gyaran.